Albert Jacka: me ya sa gwarzon Gallipoli ya tsaya a kyaftin?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Melbourne, kuma a unguwar St Kilda akwai wani titi a bakin teku mai suna Jacka Boulevard. Da na tambaya, sai wani dattijo maƙwabcina ya ce sunan wani soja ne da ya cancanci lambar Victoria Cross har sau uku amma aka ba shi ɗaya tak, kuma manyansa suka danne shi bai wuce kyaftin ba. Don Allah wane ne wannan mutum? Maganar dattijon nan gaskiya ce, ko kuwa irin zuzutawar da kowace al'umma ke yi wa jarumanta ce?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Dattijon naka bai shara maka ƙarya ba, amma ya ɗaure kaya biyu da igiya ɗaya. Batun lambar yabo daban, batun muƙami daban, kuma abin da ya hana Jacka wannan ba lalle shi ne ya hana shi wancan ba. Kafin mu kai can sai ka san mutumin tukuna.

An haifi Albert Jacka ranar 10 ga Janairu 1893 kusa da garin Winchelsea a jihar Victoria ta ƙasar Ostiraliya, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Wedderburn. Firamare kawai ya yi, ya taya mahaifinsa aikin ƙarfi, daga baya ya samu aikin lebura a ma'aikatar gandun daji ta jihar. An san shi da dambe da tseren keke, kuma ba ya shan giya, abin da ba a cika samu ba a barikin wancan zamani. A Satumba 1914, bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shiga soja a matsayin kurtu, aka sa shi a Bataliya ta 14 ta Birged ta 4, wadda John Monash ke jagoranta. Suka bar Melbourne ranar 22 ga Disamba 1914, suka yi horo a Masar.

Ka riƙe wani abu game da rundunar da ya shiga, don zai yi mana amfani a gaba. Duk 'yan sa-kai ne, ba wanda aka kamo. Mutanen Ostiraliya a lokacin ba su cika miliyan 5 ba, amma sama da 416,000 suka ba da sunansu, kimanin 330,000 suka tsallaka teku, fiye da 60,000 ba su dawo ba. Ana biyan ƙaramin soja sule shida a rana, ɗaya ana ajiye masa sai ya dawo, alhali takwaransa na Ingila sule ɗaya yake karɓa. Mutumin da ya kawo kansa da kansa, aljihunsa da nauyi, ya kuma fito daga ƙasar da lebura ba ya durƙusa wa mai gida, ba ya saurin sara wa hafsa. Hafsoshin Ingila sun yi ta kuka da wannan hali har yaƙin ya ƙare. Jacka kuwa ya fi kowa shi.

Asubahin 19 ga Mayu

Bataliyarsa ta sauka Gallipoli, a gaɓar tekun Turkiyya, ranar 26 ga Afrilu 1915, kwana ɗaya bayan saukar farko. Manufar Birtaniya da Faransa ita ce su buɗe mashigin Dardanelles su kai ga Istanbul, su fitar da Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga yaƙin. Abin bai yiwu ba. Sojojin Turkiyya, cikin kwamandojinsu har da Mustafa Kemal, suka tsare tuddai, 'yan Ostiraliya da na New Zealand suka maƙale a wani ɗan zirin ƙasa, teku a bayansu. A wasu wurare ramin wannan ɓangare da na wancan jifan gurneti ne kawai tsakaninsu.

Da asubahin 19 ga Mayu Turkawa kimanin 42,000 suka taso gaba ɗaya don su tura su cikin teku. Suka yi mummunar asara, kusan mutum 10,000 tsakanin matattu da masu rauni, har sai da aka tsagaita wuta ranar 24 ga wata don a binne gawawwaki. Wuri guda suka samu shiga, wani yanki na ramin da ake kira Courtney's Post. Jacka, a lokacin yana las-kofur, yana wata kusurwa kusa da su, ya riƙa harbi ya hana su ƙara gaba. Wani laftanar da ya taho kawo ɗauki aka harbe shi nan take. Aka gwada afka musu gaba da gaba da 'yan mutane kaɗan, wuta ta mayar da su. Sai Jacka ya sa abokansa su yi ta jifa da harbi daga gefe ɗaya don su ɗauke hankalin Turkawan, shi kuma ya fita fili, ya zagaya, ya diro musu ta baya. Ya harbe biyar, ya soke biyu da banati, sauran suka tsere.

Wannan ne ya ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a daular Birtaniya, kuma shi ne na farko a rundunar Ostiraliya da ya same ta a wannan yaƙi. Wani attajirin Melbourne, John Wren, ya ba shi fam 500 da agogon zinariya. In ka yi lissafi da sule shida a rana, albashin fiye da shekara huɗu ke nan. Kafin a kwashe sojoji daga Gallipoli a Disamba ya zama samanjan kamfani, a Afrilu 1916 kuma ya zama hafsa. Hotonsa ya shiga takardun talla na ɗaukar soja. Da Firaminista Billy Hughes ya nemi a tilasta wa samari shiga soja, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Oktoba 1916 da Disamba 1917, masu goyon baya suka riƙa kafa hujja da sunan Jacka, mahaifinsa kuwa ya fito fili ya ce shi ba ya goyon bayan tilas. Duka biyun jama'a suka ƙi.

Pozières, inda gardamar take

A nan maganar dattijonka ta fi ƙarfi. Pozières wani ƙauye ne a Faransa, a fagen yaƙin Somme. Tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba 1916 rundunonin Ostiraliya uku suka yi asarar mutum kimanin 23,000 a kewayensa, yawanci ruwan igwa ne ya ci su. Daren 6 ga Agusta Jacka da 'yan rukuninsa suna can gaba, igwar Jamus na ta sauka, suka fake a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Jamusawa suka bari. Gari na wayewa sojojin Jamus suka ratsa ta kansu suka wuce, wani ya jefa bam cikin ɗakin ya kashe mutum biyu. Da Jacka ya fito sai ya ga abokan gaba sun riga sun shige bayansa, ga kuma wani ayarinsu yana koro fursunoni kimanin 40 'yan Bataliya ta 48 ta Ostiraliya.

Mutum bakwai suka rage masa. Duk mai hankali a wannan hali zai ɗaga hannu ne, ko ya koma rami ya jira dare. Shi kuwa ya bari ayarin ya matso, ya afka musu. Fursunonin da suka ga haka suka juya kan masu tsaronsu, wasu 'yan Ostiraliya da ke warwatse a ramuka suka shigo, aka yi ta gwabzawa hannu da hannu. Aka ƙwato wurin, aka kama Jamusawa kusan 50. Jacka ya sha raunuka har bakwai, aka kwashe shi zuwa Ingila, har jaridun Landan suka buga cewa ya mutu. Charles Bean, wanda ya rubuta tarihin yaƙin a hukumance kuma ya ga abubuwa da idonsa, ya ɗauki wannan a matsayin ƙundumbalar mutum ɗaya mafi ban mamaki da tasiri a duk tarihin rundunar. Lambar da aka ba shi ita ce Military Cross, wadda ke ƙasa da Victoria Cross da mataki biyu.

Me ya sa? Mutane sun fi son amsar nan mai sauƙi, wai hassada ce. Ni ina ganin dalilai uku ne suka haɗu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne yadda ake ba da lambar. Jarumta ba ta kai kanta gaban sarki, takarda ce ke kai ta. Sai kwamanda ya rubuta shawara, shaidun gani da ido su sa hannu, galibi uku, takardar ta hau daga bataliya zuwa birged zuwa runduna, kowane mataki yana da ikon rage ta ko ya ajiye ta. A aikina na koyar da tarihin soja nakan ba ɗalibai irin waɗannan takardun shawara tare da kundin yau da kullum na bataliya, in ce su gwama. Abin da suke ganowa da kansu shi ne, aiki iri ɗaya yakan samu lamba daban-daban gwargwadon alƙalamin wanda ya rubuta da kuma ko wani babba yana kusa. A Courtney's Post akwai hafsa a wurin da ya tura shi, ya kuma gan shi bayan an gama. A Pozières Jacka ne hafsan, waɗanda suka gani yawancinsu ƙananan sojoji ne daga bataliyoyi dabam-dabam, wasu sun mutu, wasu suna asibiti.

Na biyu, labarin yana da ɓangaren da ba ya yi wa manya daɗi. Duk wanda zai rubuta shi dalla-dalla dole ya fara da cewa Jamusawa sun ratsa layin gaba sun wuce alhali mutanen wurin suna ƙarƙashin ƙasa. Akwai masu ganin cewa Jacka ya gyara ɓarnar da shi ma yana da hannu a ciki, tunda shi ne mai kula da wurin. Ban yarda da wannan zargi gaba ɗaya ba. Irin ruwan igwar daren nan, mai gadin da aka bari a waje gawa ce kawai ake ƙarawa. Amma ina iya ganin yadda kwamanda zai zaɓi lambar da ba za ta jawo dogon bincike ba.

Na ukun shi ne wanda masu cewa "sau uku" suke mantawa. Tun da aka ƙirƙiro Victoria Cross a 1856, mutum uku kacal suka taɓa samun ta sau biyu: Arthur Martin-Leake da Noel Chavasse, dukansu likitocin soja, sai Charles Upham ɗan New Zealand a Yaƙin Duniya na Biyu. Wato a duk Yaƙin Duniya na Ɗaya babu sojan da ke riƙe da bindiga da aka maimaita masa ita. Ko da Jacka ɗan lelen janar-janar ne, da wuya ƙofar nan ta buɗe masa. A ganina wannan dalili ya fi sauran nauyi. Hukuncina dai shi ne: abin da ya yi a Pozières ya fi na Gallipoli wuya da amfani, ya cancanci fiye da abin da aka ba shi, amma "sau uku" ƙari ne na masoya.

Bullecourt da bakin Jacka

Batun muƙami kuwa, a nan hannun manya ya fi fitowa. A Maris 1917 ya zama kyaftin, aka ba shi aikin leƙen asiri na bataliya. A Afrilu Janar Hubert Gough na Birtaniya ya shirya kai hari kan ganuwar Hindenburg, wato layin tsaron Jamusawa, a Bullecourt cikin Faransa. Jacka ya riƙa fita da dare yana rarrafe har gindin wayar ƙaya ta Jamusawa, ya dawo ya ce wayar tana nan ba a yanke ta ba, kuma wurin cike yake da sojoji. A ɗaya daga cikin waɗannan dare, yana shimfiɗa zaren da zai nuna wa sojoji inda za su jeru, ya kama Jamusawa biyu 'yan sintiri da hannunsa don kada su koma su tona asiri. Wannan ya sa aka maimaita masa Military Cross.

Gargaɗinsa bai hana komai ba. Aka yanke cewa tankokin yaƙi, waɗanda sababbi ne a lokacin, su za su tattake wayar a maimakon igwa. Ranar 10 ga Afrilu sojoji suka kwana kwance cikin dusar ƙanƙara suna jiran tankokin, ba su iso ba, aka janye da asuba a kan idon abokan gaba. Washegari aka sake. Tankoki wajen goma sha biyu ne, yawancinsu suka lalace ko aka fasa su kafin su yi wani amfani. Birged ta 4 ta shiga da mutum kimanin 3,000, ta yi asarar 2,339. An kama 'yan Ostiraliya sama da 1,100 a wannan rana, adadin da ba a taɓa kama musu a faɗa ɗaya ba.

Jacka ya rubuta rahoto mai zafi kan yadda aka yi amfani da tankokin. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma kyaftin ne ke gaya wa janar-janar sun yi wauta, kuma bai sassauta harshe ba. Ba wannan kaɗai ba, ya sha yin sa-in-sa da kwamandan birged ɗinsa, Charles Brand, har a gaban sauran hafsoshi, musamman in ya ga ana wasa da ran mutanensa ko an saɓa alkawarin hutu. Gaskiya ɗaci gare ta, balle a bariki. Daga nan tauraronsa ya tsaya. A Polygon Wood cikin Beljiyam, a Satumba 1917, ya jagoranci kamfaninsa da ƙwarewar da ta nuna cewa ba ƙarfin zuciya kawai gare shi ba, ya san dabarar yaƙi, amma bai samu lamba ba, bai samu ƙarin girma ba.

Wasu sukan ce asalinsa ne ya cuce shi, ɗan lebura mai ilimin firamare. Wannan hujja ba ta tsaya mini ba, kuma amsarta tana cikin birged ɗinsa. Harry Murray shi ma daga aikin daji ya fito, shi ma ƙaramin soja ne da ya sauka Gallipoli, shi ma ya samu Victoria Cross, amma ya gama yaƙin yana laftanar-kanar mai riƙe da bataliya. Rundunar Ostiraliya ta saba ɗaga mutum daga ƙasa. Bambancin su biyun shi ne Murray ya iya zama da manya, Jacka bai iya ba, ko kuma bai ga dalilin koya ba. Sai ka ƙara da watannin da ya kwashe a gadon asibiti, don muƙami a lokacin yaƙi yakan faɗa wa wanda ke wurin ne ranar da gurbi ya samu. An harbe shi a Yuli 1917 a Beljiyam, sannan a Mayu 1918 iskar guba ta same shi kusa da Villers-Bretonneux, daga nan bai sake komawa fagen daga ba.

Akwai iyakar da takarda ba ta wucewa, ya kamata in faɗa maka. Babu janar ɗin da zai rubuta cewa ya hana wane girma don ya tsane shi. Abin da ke hannunmu shi ne jerin abubuwan da suka faru, da shaidar waɗanda suka yi aiki tare da shi, su kuwa masoyansa ne, har bataliyar ake yi wa laƙabi da taron Jacka. Mai tarihi yana auna waɗannan ne ya faɗi abin da ya fi rinjaye. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne an ƙi ɗaga shi da gangan, kuma shi ma ya ba su sandar dukansa.

Bayan yaƙi

Ya dawo Melbourne a Oktoba 1919, jama'a suka yi dafifi wajen tarbarsa. Ya haɗa gwiwa da tsofaffin abokan bataliya suka buɗe kamfanin shigo da kayan lantarki, John Wren ya zuba kuɗi. Ya yi aure a 1921. A 1929 aka zaɓe shi kansila a St Kilda, shekara mai zuwa ya zama magajin gari, daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Kamfaninsa ya rushe a 1930. Abin da mutanen unguwar suka fi tunawa da shi a wannan muƙami shi ne fafutukar nema wa marasa aiki abinci da sutura da hana a fitar da su daga gidajen haya, da yawansu kuwa tsofaffin sojoji ne. Wannan ɓangare na rayuwarsa ba a cika ba da labarinsa ba, alhali shi ya sa St Kilda ta riƙe shi a matsayin nata, ko da yake ba a can aka haife shi ba.

A Disamba 1931 ya yanke jiki ya faɗi bayan zaman majalisa, aka kai shi asibitin sojoji na Caulfield. Ya mutu ranar 17 ga Janairu 1932, mako ɗaya bayan ya cika shekara 39. Mutum kimanin 6,000 suka bi layi don ganin akwatin gawarsa, masu Victoria Cross takwas suka ɗauke shi zuwa maƙabartar St Kilda. Likitoci sun rubuta ciwon ƙoda mai daɗewa. Abokansa sun tafi a kan cewa raunuka da iskar guba ne suka ƙarasa shi a hankali. Wannan hukunci na likita ne, ba na mai tarihi ba, amma mutumin da ya shiga soja yana ɗan dambe mai shekara 21 ya fito da jikin da bai kai shi 40 ba.

Tunda kana can, kana da damar da yawancinmu ba mu da ita. Hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar ta ɗora fayil ɗin kowane sojan wancan yaƙi a intanet kyauta, har da na Jacka: takardar shigarsa da sa hannunsa, ranakun ƙarin girma, shiga da fita asibiti. Gidan tunawa da yaƙi na Canberra, inda lambarsa take a ajiye, shi ma ya ɗora kundin yau da kullum na bataliyoyi. Buɗe na Bataliya ta 14 na watan Agusta 1916, ka karanta abin da aka rubuta a ranar 7 ga wata, sannan ka nemi na Bataliya ta 48 na wannan rana ka ajiye su gefe da gefe. In ka gama, ka kai wa dattijon naka ku duba tare.